Tambaya da Amsa: Kasuwar Faifai Ta Ja Baya, Shin In Karya Farashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Jega, Jihar Kebbi, kuma na daɗe ina saƙar faifai da tabarmar kaba. A da dillaliya kan kwashe duk abin da na saƙa kafin ranar kasuwa, amma yanzu kaya sukan yi wata biyu jibge a ɗaki, ga kaba da galura sun yi tsada. Shin in karya farashi ne domin kayan su fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya wa sana'a albarka. Shawararmu ita ce kada ki karya farashi har ya taɓa uwar kuɗi, domin ba tsadar faifanki ce ta kori masu saye ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota ya tashi, hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, sannan rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya taɓa cinikin da ake yi ta hanyar Kamba. Magidancin da kuɗinsa ya ƙare a wajen gero da shinkafa ba zai waiwayi faifai ba ko da kin rage masa rabi, wanda kuma yake da hali zai saya a farashinsa.

Abin da ya kamata ki fara yi shi ne lissafi, kuma a nan ne mata masu sana'ar hannu da yawa suke cutar kansu ba su sani ba. Ki haɗa kuɗin kaba da na galura da itacen rini da ladan dillaliya, sannan ki yanka wa kwanakin da kika zauna kina saƙa nasu ladan, tun da lokacinki ma dukiya ne. Duk farashin da ya gaza wannan jimla asara ce, ko da kuɗi ya shigo hannu. Ki kuma raba jari da kuɗin cefane, domin jarin da ake gutsura ana sayen magi ba ya kai wata.

Maimakon rage kuɗi, ki rage girman kaya. Ƙananan faya-fayai na rufe ƙwarya da mafici sun fi babbar tabarma saurin fita, musamman ganin tabarmar roba ta cika kasuwa. Babban aiki kuwa, irin na jeren ɗakin amarya, kada ki taɓa shi sai an yi oda an ba da kafin alƙalami, kuma ki tanadi kaba tun kafin kaka, lokacin da manoma ke samun kuɗi ana ɗaura aure.

Idan akwai waya a gidan, ki sa a ɗauki hoton kayan da rana a ɗora a WhatsApp, domin matan Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja sukan nemi irin wannan saƙa don kwalliya da rabon biki, sai dai a yi magana a kan kuɗin mota tun kafin kaya su tashi. Batun bashi kuwa, ki iyakance shi ga wadda kika taɓa ba ta ta biya a kan lokaci.