Kun Tambaya: Daga Jitar Hendrix zuwa Busar Coltrane

*Assalamu alaikum. 'Yan watannin nan na duƙufa kan kiɗan Turawa na shekarun 1960, irin na Jimi Hendrix da Pink Floyd. Wani aboki ya ce in dai wannan ya yi mini, to in gwada jaz. Na saka Kind of Blue na Miles Davis, sai na ji kamar kowa na busa abin da ya ga dama. Me ya haɗa su, kuma ta ina ake kama bakin zaren?*
Wani mai karatu, Mabera, Sakkwato

Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka bai ɓatar da kai ba. Abin da ya haɗa su shi ne tsayawa kan sauti guda ana juya shi tsawon lokaci. A da, yawancin jaz kan jerin sautuka masu saurin sauyawa yake tafiya. Kind of Blue, da ya fito a 1959, ya rage wannan sauyin, ya bar wa mai busa fili. John Coltrane, mai busa saksofon a faifan, ya ɗauki salon ya yi nisa da shi, musamman a A Love Supreme na 1965. Samarin rok na Amurka da Ingila kuwa kunnensu na kansa: 'yan ƙungiyar The Byrds kiɗan Coltrane da na Ravi Shankar ɗan Indiya suke ta saurare lokacin da suka yi "Eight Miles High" a 1966. Daga baya abin ya juyo. Miles ya saurari Hendrix, ya shigo da jitar lantarki da fiyanon lantarki, aka samu In a Silent Way a 1969 da Bitches Brew a 1970, duka biyun da jitar John McLaughlin. Ga mai zuwa daga ɓangaren rok, na 1969 ɗin ne ƙofa mafi sauƙi.

Batun cewa kowa na busa son ransa, a'a. Akwai tsari, kuma ƙirga shi ake yi. Ɗauki waƙar farko ta faifan, "So What". Ka bar gabatarwar fiyano ta wuce, har bas, wato babbar jita mai kaurin murya da ake kaɗawa a tsaye, ya fara faɗin jimlarsa ana yi masa amshi da sauti biyu. Daga nan ka soma buga ƙafa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, gaɓa ɗaya ke nan. Gaɓa 8 zango ne. Zangon farko da na biyu iri ɗaya ne, a na uku za ka ji kiɗan ya ɗan ɗaga sama, na huɗu ya sauko inda ya fito. Gaɓa 32 ke nan, zagaye guda, kuma shi ake ta maimaitawa har ƙarshe. Miles ya yi zagaye biyu, Coltrane biyu, Cannonball Adderley, ɗaya mai saksofon ɗin, biyu, Bill Evans mai fiyano ɗaya, sannan bas ya dawo da jimlar farko. In lissafi ya kuɓuce maka, jira ɗagawar nan ta zango na uku, ita ce alamarka.

Kuskuren sabon shiga shi ne bin mai busa. Bi bas da farantin tagullar mai ganga tukuna, sau biyu ko uku, sannan ka ɗago kunne zuwa busar. Basakkwace ma bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Wanda ya taso yana jin Narambaɗa ya san kotso na nan inda yake, 'yan amshi na dawowa kan lokaci, maigida kuma ya yi yawonsa ya dawo. Abu ɗaya dai: kada ka yi gaggawar zuwa Ascension na Coltrane, na 1966. Can kam da gangan aka sassauta ƙirgan, kuma shi ya kori mutane da yawa daga jaz tun ba su shiga ba.

*Ina sauraron waɗannan tsofaffin waƙoƙi a waya da iyafis ɗaya a kunne saboda aikin gida. Wasu sai in ji ganga babu jita, wasu kuma muryar ta yi can nesa. Wayar ce ta lalace?*
Wata mai karatu, Arkilla

Malama, da wuya laifin wayar ne. A shekarun 1960 sitiriyo, wato raba sauti hagu da dama, sabon abu ne, masu haɗa sauti kan jefa wannan kayan kiɗa gaba ɗaya hagu, wancan dama. A Kind of Blue, Coltrane da fiyano na hagu, Adderley da ganga na dama, Miles da bas a tsakiya. A Electric Ladyland na Hendrix, na 1968, jitar ma yawo take daga wannan kunne zuwa wancan, kuma yawon yana cikin kiɗan. Kunne ɗaya, rabin ƙungiya. In dole sai kin bar kunne ɗaya don jin yara ko kiran salla, shiga saitin wayar Android, sashen Accessibility, ki kunna Mono audio, zai haɗe ɓangarorin biyu wuri guda.

Muryar da ke yin nisa kuwa wata matsala ce daban. In kan iyafis bai shige ramin wayar sosai ba, ko siririyar wayar da kunnuwan biyu suka yi tarayya a kanta ta tsinke, duk abin da ke tsakiya sai ya soke kansa, abin da ke gefe da amsa-kuwwa kawai su rage. Ƙurar hunturu kan cushe ramin. A kashe wayar, a sakace shi a hankali da tsinken sakace, ban da allura.

Sai ingancin fayil. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 1 a minti, mai 320 kusan 2.4, don haka faifan minti 45 a kan 320 zai kai megabayit 108. Bambancin a farantan ganga ake fara jin sa, su riƙa shuu kamar ana soya. Fayil ɗin da aka ciro daga bidiyo aka yi ta matsewa ya riga ya tafi, mayar da shi 320 nauyi kawai zai ƙara masa.

*Ina koyon jita, na yi odar fedar fuzz, 'yar na'urar takawa mai kausasa sautin jita, irin ta Hendrix. Da safe sautin na fita lafiya, da rana kuwa sai ya riƙa yankewa kamar batir ya mutu, alhali sabo ne.*
Wani matashi, Runjin Sambo

Ɗan'uwa, duba takardar fedar, ƙila za ka ga an rubuta germanium. Fuzz Face, fedar da Hendrix ya yi amfani da ita, na farkonsa na 1966, da taransista biyu na jamaniyam aka yi shi, kuma jamaniyam ba ya shiri da zafi: yana ɗumama wuta na ƙara yoyo a cikinsa, ma'aunin da aka saita ya goce, sautin ya shaƙe. A garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, wannan ba abin mamaki ba ne. Kada ka ɗora ta kan amfilifaya, kada ka bar ta a mota ko ɗakin kwano. Maganin dindindin shi ne mai taransistar silikon, wadda sautinta ya fi kaifi kaɗan amma ba ruwanta da yanayi, ko wadda ke da maɓallin daidaita wannan ma'aunin, wato bias, a waje.

Batir mai bolt 9 ya fi mata, wutar da take ja kaɗan ce. Ka riƙa zare wayar shiga in ka gama, don ita ke kunna batirin. Kada ka haɗa ta a adafta guda da sauran fedoji, yawancin na jamaniyam wutarsu a juye take, haɗin zai iya ƙona adaftar.

Wajen saiti, kai maɓallin fuzz kusan ƙarshe, sannan ka yi mulki daga maɓallin ƙarar jikin jitar: 10 ruri, 7 ɗan kaushi, 5 kusan fes. Nan asirin yake, ba a yawan fedoji ba. Ka sa fuzz kusa da jita, mai maimaita sauti a ƙarshe, a kan milisakan 300 zuwa 400, maimaici uku ko huɗu. Ya wuce haka, sai komai ya cakuɗe.

*Mun tarar da akwatin fayafayai da garmaho a ɗakin marigayi mahaifinmu. Mun jona, sautin na jan ƙafa, ga gurnani. A gyara ko a zubar?*
Wani magidanci, Gawon Nama

Allah ya jiƙan Baba, Alhaji. Kada a zubar, kada kuma a sake jonawa sai an karanta rubutun bayan na'urar. In an rubuta 110V da 60Hz, ta Amurka ce. Wutarmu 230V ce a kan 50Hz. Taransifoma na gyara ƙarfin wutar, amma ba ta gyara saurin bugunta, kuma tsofaffin injina da yawa da bugun suke auna gudu, sai faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti ya koma wajen 28. Wannan sai an sauya ɗan gurun da ke kan injin. Ƙaramin janareta ma kan sa sautin lilo saboda dalili ɗaya. In kuwa 50Hz aka rubuta, to ƙila bel ɗin roba ne ya saki, a cire farantin a auna shi a sayo sabo.

Gurnanin yawanci siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaura ba. A ɗaure ta a kusar da ke bayan amfilifaya, a kuma jona garmahon a ramin da aka rubuta Phono, in ba haka ba sautin zai fito siriri ba kauri. Allura a sauya ta kawai, tsohuwa kankare faifai take yi, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa.

Wanki: ruwan batir mara asid, a tabbatar da mai shago cewa tataccen ruwa ne zalla, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a lita guda. A bi layin faifan a zagaye da tattausan ƙyalle, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, a ɗauraye, a shanya a inuwa. A jera su tsaye, nesa da taga. Faifan da rana ta lanƙwasa da wuya ya miƙe. In akwai masu nauyi masu saurin fashewa da aka rubuta 78, allurarsu daban ce, kuma sifirit narkar da su yake.

Ku duba sunayen da kyau. In kun ga BLO ko Ofege, rok ne na Legas na farkon shekarun 1970, kuma masu tara faifai a ƙasashen waje na neman su ido rufe. Kada dillali ya saye su a kuɗin gwangwan.

*Shin a wannan fanni babu namu na kusa ne, sai Turawa?*
Wani ɗalibi, Dundaye

Akwai, har ma maƙwabta. Mdou Moctar na Nijar, bahago kamar Hendrix, waƙoƙinsa ta memori da blutut suka fara yaɗuwa kafin duniya ta san shi. Nemi Afrique Victime na 2021. Bombino daga Agadas yake, Tinariwen daga arewacin Mali. Fela Kuti ya yi faifai da Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, a 1971, amma a can ka sa kunne kan Tony Allen, mai gangar Fela. A jaz akwai Mulatu Astatke na Habasha. Sai Yusef Lateef, Ba'amurke Musulmi mai busa saksofon, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1980 yana nazarin sarewar Fulani. Fara da Eastern Sounds nasa da ya ɗauka a 1961, sannan ka nemi In Nigeria, wanda ya ɗauka da makaɗan ƙasar nan a 1983.