Gwada ruwan Challawa ba tare da ɓeraye ba

Ƙanwata, kin tambaya ko za a iya gano illar ruwan da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano ke zubarwa ba sai an ɗura wa ɓeraye ba. Ana iyawa, kuma shawarata ki fara da albasa.

Ki kankare busasshiyar saiwarta, ki ɗora gindin a bakin kwalba cike da ruwan, wata kuma a kan ruwa mai tsabta. Bayan kwana uku ki auna sabuwar saiwar, ki yanko bakin saiwar, ki rina, ki duba a madubin ɗakin gwaji mai girmama ƙananan abubuwa. Idan akwai guba irin kuromiyam, sinadarin da ake jimar fata da shi, saiwar takan tsumbure, kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, su kakkarye ko su manne da juna. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma gwajin Ames na shekarun 1970, wanda ke amfani da ƙwayar cuta ta Salmonella wajen gano sinadarin da ke jirkita DNA, wato bayanan gadon halitta.

Sai dai albasa ba ta da hanta ko ƙoda. Ba za ta nuna miki abin da ke samun manomin da ya daɗe yana ban-ruwa da wannan ruwan ba, kuma shi ne ya fi damuna. Don haka ki auna yawan kuromiyam ɗin kansa, a ruwan da kuma a ganyen lambun.