Direba ɗaya, UPS iri-iri

Sani, jiya da muna rufe shago ka tambaye ni dalilin da ya sa na ɗora wa UPS ukun nan (na'urorin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) da aka kawo daga kasuwar Alaba direba ɗaya, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da su, alhali kowanne da sunansa daban, da kuma dalilin da ya sa na kashe yini guda ina gwaji bayan kwamfuta ta riga ta gan su.

Sunan da ke jikin akwati na ɗan kasuwa ne. Yawancin ƙananan UPS ɗin da ke zuwa hannunmu yare ɗaya suke ji, wanda ake kira Megatec. Kwamfuta za ta aika musu da umarnin Q1, su maido da layi guda: ƙarfin wutar da ke shiga, wadda ke fita, nauyin kayan da aka jona, ƙarfin batir, zafi, sai lambobi takwas na sifili da ɗaya. Ta farkon ita ke faɗin ko an ɗauke wuta.

A manhajar NUT ta sa ido kan UPS, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, da can direbobi da yawa ne ke wannan aikin. An yi megatec, aka zo blazer_ser da blazer_usb, daga baya aka tattara su a nutdrv_qx. Ni ina goyon bayan haɗewar nan ɗari bisa ɗari, domin idan direba biyar na aiki ɗaya, sai a toshe ɓaraka a guda, sauran huɗun su ci gaba da yoyo. Amma masu rubutawa ba su mallaki kowane UPS ba, balle su san irin wutarmu ta Legas da janaretan maƙwabci. Tsohon inji da ke aiki lafiya yana iya daina magana bayan haɗewa. Nan ne hannunmu ke da amfani.

Kada ka fara gwaji da kwamfutar mutane. Jona ƙwan fitila, ka buɗe upsc, umarnin NUT da ke nuna halin da UPS ke ciki, ka ga OL, wato yana kan wutar gari. Kashe makunnin soket, amma kada ka zare fulogi, don kada ka raba shi da wayar ƙasa (earth). Dole ya koma OB, wato yana kan batir. Sai ka zauna da agogo har LB ta fito, wato batir ya kusa ƙarewa. Daga nan ka mayar da shi kan janareta, ka lura ko yana tsalle tsakanin OL da OB.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lambar cajin batir. Irin waɗannan injinan ba sa faɗin caji, direba ne ke ƙiyastawa daga ƙarfin batir. Na taɓa yarda da 100 da na gani a wani shagon buga takardu a Agege. Aka ɗauke wuta, ko minti biyu batirin bai yi ba, aikin bawan Allah na yini ya tafi. Har yau abin na damuna.

A ƙarshe ka ba da umarnin upsmon -c fsd, wanda ke tilasta rufewa kamar batir ya ƙare, ka tabbatar kwamfuta ta rufe kanta, UPS ya yanke wuta, kuma ya dawo da ita da kansa. Gobe kai za ka gwada na ukun. Ka rubuta abin da lsusb, umarnin da ke jero na'urorin USB da aka jona, ya nuna da duk abin da ka gani, mu aika wa masu kula da direban.