Hawan dutse a Kaltungo da kwalekwale a Dadin Kowa

Ɗan'uwa, ka ce kuna son hawan dutse a Kaltungo ranar Asabar, ku kwana a tanti, Lahadi ku shiga kwalekwale a dam ɗin Dadin Kowa. Ku bari sai Disamba. Da damina dutse santsi gare shi, kogin Gongola kuma ya cika maƙil.

Ku fara hawa da asuba, kowa da ruwa lita 3. Abin da na fi ji muku shi ne kububuwa: mun taɓa kakkaɓe ɗaya daga takalmin abokina da safe. In ta sari mutum, kar a ɗaure, kar a tsaga, a garzaya asibitin cizon maciji na Kaltungo.

Dam ɗin akwai dorina. Ku ɗauki masunci ɗan gari, kowa ya sa rigar ceto.