Kwana Biyar a Malta: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, Legas. Ni da uwargida muna shirin yin kwana biyar a tsibirin Malta, mu ga bakin teku da ƙauyuka da tsofaffin gine-ginen bauta da ake ba da labarinsu. Ta ina za mu fara, kuma yaya batun abinci da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da za ka fara yi, tun kana Legas, shi ne sayen tikitin Hypogeum ta intanet. Makabarta ce da mutanen zamanin da can suka sassaƙa cikin dutse a ƙarƙashin garin Paola, aka gano ta a 1902. Mutum goma kacal ake bari su shiga a lokaci guda, saboda numfashin jama'a na lalata jan zanen da ke bango. Gurbi kan ƙare makonni kafin ranar, don haka ranar da ka samu ita za ka ɗora sauran tafiyar a kanta.

Bizar Schengen ake shiga da ita, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Babu jirgi kai tsaye daga Legas, sai an ya da zango, galibi a Istanbul ko Frankfurt.

Ka haɗa Blue Grotto, wani kogo a bakin teku, da tsohon ginin bauta na Hagar Qim rana ɗaya, don suna kusa da juna a kudancin tsibirin. Ka fara da kogon da safe, lokacin da rana ke haska cikinsa ruwan ya yi shuɗi shar. Ƙananan kwale-kwale ke kai mutane, zagayen bai kai rabin awa ba, amma idan iska ta taso ba sa fita ko kaɗan. Saboda haka kada ka ajiye shi sai ranar ƙarshe. Daga nan sai Hagar Qim, inda akwai dutse guda da ya kai tan 20, sannan gangaren mita 500 zuwa Mnajdra, wani ginin bautar. An yi wa duka biyun rumfa a 2009 don ruwa da rana na cinye dutsen, amma hanyar da ke tsakaninsu ba inuwa, kuma dawowar hawa ce. Hajiya ta sa takalmi mara tsini, ku riƙe ruwa.

Tsibirin Gozo yini guda yake ci. Jirgin ruwa daga tashar Cirkewwa minti 25 ne, kuma a dawowa ake biyan kuɗin. A can ginin bauta na Ggantija yake, wanda aka gina wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya girmi dalar Masar. A gidan tarihin Gozo ka nemi dutsen kabarin Maimuna na 1174, mai rubutun Larabci. Larabawa sun mulki Malta daga 870 zuwa 1091, shi ya sa za ka ji Kiristocin can na kiran Ubangiji “Alla”. Idan wani ya tallata maka Azure Window, wani dutse mai kama da taga a bakin tekun Gozo, to ya rufta cikin teku tun Maris 2017.

Ƙauyen masunta na Marsaxlokk ranar Lahadi yake cin kasuwar kifi. Ku isa kafin ƙarfe tara, in ba haka ba sai dai cunkoso. Mdina, tsohon babban birni, da yamma ya fi daɗi.

Ban ba ka shawarar hayar mota ba. Hannun hagu suke bi, lungunan ƙauyuka kuma a matse suke. Ko tsallaka titi za ka yi, dama za ka fara dubawa. Bas na zuwa ko'ina daga Valletta, babban birnin ƙasar, sai dai a bazara takan cika ta wuce ka a tasha, don haka wuri biyu a yini sun isa.

Batun abinci kuwa, kifi ya fi kwanciyar hankali. Zomonsu da giya ake dafa shi, naman alade kuma ya yawaita, ko pastizzi ma, wani ɗan abin fulawa da ake gasawa, ka tambayi man da aka yi shi da shi. Masallacin Juma'a yana Paola, gari ɗaya da Hypogeum, don haka in ka samu tikitin safiyar Juma'a sai ka wuce masallaci daga nan.