Bambancin force, compel da coerce

Malam, ka tambaya ko waɗannan kalmomin Turanci uku ma'anarsu ɗaya ce, tunda duka tilastawa suke nufi. Akwai bambanci. Force ta fi faɗi, domin tana ɗaukar ƙarfin tuwo, kamar ɓalle ƙofa, tana kuma ɗaukar matsin yanayi. Compel ta fi dacewa da rubutun hukuma, kamar inda kotu ta wajabta wa shaida ya bayyana a gabanta. Coerce kuwa, ina ba ka shawarar ka yi hattara da ita, saboda akwai barazana a cikinta, kamar a tsoratar da mutum har ya sa hannu a takarda, don haka zargi ce mai nauyi. A jimla, kalmar to ce ke biye wa force da compel, coerce kuwa galibi into ce ke biye mata.