An ce kakanmu ya shekara 130, yaya zan tabbatar?

Tambaya: Ina so in rubuta salsalar gidanmu saboda 'ya'yanmu. Kakan mahaifina ya rasu a shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira. Dattawanmu sun ce ya shekara 130, kuma ya ga shigowar Turawa Kano da idonsa. Babu takardar haihuwa. Ta ina zan faro?

Amsa: Allah Ya jiƙan tsoho, Ya sa ya huta. Malam, ka ajiye 130 ɗin a gefe tukuna, domin mutanen da ba sa ƙirga shekaru da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Kai kuwa ka taki sa'a, kana da turaku biyu. An fara kashe naira a 1973, Turawa kuma sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Tsakaninsu shekara 70 ke nan. Abin da ya rage shi ne sanin girmansa ranar da suka shigo.

To, kada ka tambayi dattawa "shekararsa nawa a lokacin?" Ka ce musu: an yi masa kaciya? Yana kiwon awaki ne, ko ya fara azumi? Ya yi aure? In yana ɗan shekara goma, ya rasu yana da 80. In magidanci ne mai 'ya'ya, kamar ɗan 30, to ya cika ɗari. Kafin ya kai 130 sai ya zama yana da shekara 60 a 1903, wato ya riga ya yi furfura, kuma ya kamata a ji labarinsa a yaƙin basasar Kano na Tukur da Yusufawa da aka fara a 1893. Ka sani kuma, mafi tsawon ran da aka tabbatar da takardu a duniya shi ne na Jeanne Calment 'yar Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122. In da lissafin Hijira aka ƙirga masa, sai ka rage, don shekara 100 ta wata kusan 97 ce ta rana.

Akwai wasu turakun da za ka gwada a kan 'ya'yansa: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar mura da ake kira marisuwa ta 1918, hawan Sarki Abdullahi Bayero a 1926.

Inda aka fi yin tuntuɓe, a ganina, shi ne takwara. Mukan mayar wa jika sunan kakansa, sannan a sakaya a riƙa ce masa Abba ko Mai Sunan Malam. Bayan zuriya uku sai Malam Audu na farko da jikansa Malam Audu su narke su zama mutum guda, wanda ya yi yaƙi da mashi kuma ya hau jirgin sama zuwa Makka. Shekaru 130 da yawa daga nan suke fitowa. Don haka kowane suna ka haɗa shi da laƙabi, da sunan uwa, da garin da aka binne mai shi. Ka bambance ɗan ciki da ɗan riƙo da agola tun yanzu, cikin ladabi, don wannan magana tana tayar da ƙura.

Tsofaffin mata su ne rumbun wannan ilimi. Su suka san wa ya sha nonon wa, wa ya girmi wa da yaye ɗaya. Sai dai alkunya ba za ta bar Hajiya ta faɗi sunan mijinta ko ɗan farinta ba, saboda haka ka je da wata gwaggo da za ta cike maka gurbin. Ka nemi izini ka naɗi muryarsu a waya, kowacce ita kaɗai, don in aka taru, bakin babba ake bi.

In gidan malamai ne, a buɗe gafaka a duba bangon Alƙur'ani da gefen kundi, nan ake rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa. In gidan sarauta ne, ko da dagaci, rahotannin haraji na zamanin Turawa da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna sukan ambaci masu riƙe da garuruwa.

Wurin rubutawa, ka sa duka biyun: "Dangi sun ce ya shekara 130, lissafi ya nuna an haife shi wajen shekara kaza." A ƙarƙashin kowane labari kuma ka rubuta wanda ya ba ka shi, da wanda shi ma ya ji daga bakinsa.